JIRGIN KWALI BA WASAN YARA BA NE: Dalilin da ya sa nake sa yaran shagona ƙera ƙaramin jirgi kafin su taɓa wayar mutane

Yau ba maganar rage cin data ko saitin waya na zo da ita ba. Wata magana ce ta taso a shagona nan Bagudo, har ta kusa raba ni da yaron da na fi ji da shi cikin masu koyon aiki. Na ga ya dace in kawo ta nan mu tattauna, don na san akwai masu gyara da yawa da ke karanta mu, akwai kuma iyaye.

Wata ranar kasuwa mahaifin yaron ya biyo ta shago. Dattijo ne manomin shinkafa, ba ya son wargi. Ya tarar da ɗansa zaune da reza da rula, yana yanka kwalin waya, ga rabin jirgin sama a gabansa. Ya tsaya ya kalle shi, sannan ya juyo gare ni.

"Kai yaro, ni gyaran waya na kawo maka shi ya koya. In wasan kara ne ai muna da kara a gida. Gara ya bi ni fadama."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka ba ni wata ɗaya. In ba ka ga canji ba, ni da kaina zan rako shi gona."

Ya ce ya ji, amma fuskarsa ba ta ce ta ji ba.

Ga abin da Baba bai sani ba. Sati biyu kafin nan, yaron ya yage fileks ɗin sikirin na wata waya da wani ɗan kasuwa ya kawo daga Lolo. Ni na biya kuɗin sabon sikirin daga aljihuna. Kuma yaron nan yana da kai, wallahi. Ka nuna masa abu sau ɗaya ya riƙe. Matsalarsa hannu da gaggawa, sai kuma wata kalma da ba ta barin bakinsa: "ai kusan daidai ne." To a aikinmu babu kusan daidai. Ƙafar aisi in ta goce da kaurin gashi, waya ta mutu. Ka ƙara wa bulowa zafi kaɗan, fanel ya kumbura. Kuma wayar ba taka ba ce, ta wani ce da ya sayar da buhun albasa ya saya.

Shi ya sa nake da wannan ra'ayi, kuma ina nan a kansa: duk wanda zai koyi aikin hannu mai laushi, a fara sa shi ya ƙera abu a kan awo, da kayan da in sun lalace ba wanda zai yi kuka. Ban ga abin da ya kai ƙaramin jirgin sama irin na da, mai fiffike biyu sama da ƙasa, koyar da wannan ba.

BAMBANCINSA DA MOTAR KARA

Dukanmu mun yi motar kara da ta langa-langa muna yara. Ba na raina su, su ne makarantarmu ta farko. Sai dai a motar kara ido ne alƙali. In taya ɗaya ta fi ɗaya girma, ba komai, za ta gungura. A nan kuwa rula ce alƙali. Za ka ɗauki jirgi na gaske, wanda aka san tsawonsa da faɗinsa, ka rage kowane sashe nasa da lissafi guda. In ka zaɓi 1/48, to fiffike a raba shi da 48, jiki da 48, taya ma da 48. Ba ka da ikon cewa "nan ya fi kyau in ƙara masa kaɗan."

Jirgi mai fiffike biyu kuma ba ya rufa wa mai gaggawa asiri. Jiragen farko da katako da yadi aka yi su, injinansu ba su da ƙarfi sosai, don haka dole jirgi ya zama marar nauyi. Sai aka ɗora fiffike kan fiffike, aka haɗa su da sanduna da wayoyi masu gicciye, suka zama kamar akwati mai ƙwari. A ƙaramin naka ma haka abin yake. In sanda ɗaya ta fi 'yan uwanta da milimita ɗaya, fiffiken sama zai karkace, kuma ko yaro ɗan firamare zai gani daga bakin ƙofa.

WANE JIRGI ZA A FARA DA SHI?

Mu da guda biyu muka yi aiki. Na farko shi ne Sopwith Camel, jirgin yaƙin Ingila da ya fara aiki a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum ɗaya yake ɗauka. Faɗin fiffikensa mita 8.53, tsawon jikinsa mita 5.72. Sandunan da ke riƙe fiffiken samansa takwas ne, huɗu a gefuna, huɗu a kan jiki. Shi ya fi dacewa da mai farawa.

Na biyu shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, DH.9A. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku irinsa na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Sudan da Chadi suna yada zango. Jagoran tafiyar sunansa Arthur Coningham. Wannan saukar ce aka fi ambata a matsayin mafarin zirga-zirgar jiragen sama a Najeriya. Ke nan jirgin da kakanninmu suka fara gani da idonsu a ƙasar Hausa irin wannan ne, mai fiffike biyu, katako da yadi. Asalinsa na jefa bam ne, mutum biyu yake ɗauka, faɗin fiffikensa kusan mita 14, tsawonsa kusan mita 9.2. Sandunansa goma sha biyu ne, don haka a bar shi sai hannu ya faɗa.

LISSAFI DA WAYARKA

A nan wayar da ke hannunka za ta yi amfani. Buɗe kalkuleta:

• Camel: santimita 853 ÷ 48 = 17.8 (fiffike). 572 ÷ 48 = 11.9 (jiki).
• DH.9A: santimita 1400 ÷ 48 = 29.2 (fiffike). 920 ÷ 48 = 19.2 (jiki).

Sai ka shiga Google ka rubuta sunan jirgin, ka ƙara kalmar blueprint a gaba, ka duba ɓangaren hotuna. Zanen da kake nema shi ne mai fuska uku: ta sama, ta gefe, ta gaba. Ka sauke mai haske, ka kai shagon kwamfuta a buga maka. In an buga, kar ka yarda da takarda, ka ɗora rula. Misali kana son fiffike 17.8, sai ya fito 15. Raba 17.8 da 15, zai ba ka kusan 1.19. Ka ce wa mai fotokwafi ya ƙara girma zuwa 119 bisa ɗari. Ka sake aunawa. Fiffiken DH.9A kuwa da ƙyar yake shiga takardar A4, don tsawonta 29.7 ne, gara ka buga rabi ka juya shi ka fitar da ɗaya rabin.

KAYAN AIKI

Babu abin da muka aika aka sayo daga Legas ko Kwatano. Kwalin sabuwar waya, wanda ake zubarwa a bakin shago, shi ne fiffike da jela, don yana da ƙwari kuma ba ya lanƙwashewa da wuri. Totuwar karan dawa busasshiya ita ce cikin jiki, tana yankuwa da reza kamar sabulu, sai a lulluɓe ta da takarda. Tsinken sakace shi ne sanduna. Gwangwanin lemo shi ne murfin inji, amma a kula da bakinsa, yana yanka. Tsohon silifa shi ne taya. Wayoyin da ke tsakanin fiffike kuma da zaren ɗinki baƙi ake yi, ko siririyar wayar jamfa ga masu gyara irinmu. Sai sabuwar reza, rular ƙarfe, samfefa mai laushi, da hantsaki, wato tuwiza.

Gam iri biyu ne. Farin gam na kafintoci shi ne na kwali da takarda, don yana ba ka lokaci ka gyara kafin ya kama. Sufa gulu na sanduna da zare ne kawai, kuma da bakin tsinke ake ɗiga shi. Kar a matso shi daga kwalba kai tsaye, kuma kar a bar wa ƙananan yara shi.

INDA AKE FAƊUWA

Yanka fiffike da jiki kwana biyu ne. Ɗora fiffiken sama shi ne jarrabawa. Yarona sau uku yana yi yana ɓarewa. Dabarar ita ce kar ka riƙe da hannu. Ka yanka kwali guda biyu daidai tazarar da ke tsakanin fiffiken sama da na ƙasa, ka sa ɗaya dama ɗaya hagu su tallafe shi, ka ɗaure da robar kuɗi, sannan ka riƙa shigar da sanduna ɗaya bayan ɗaya da tuwiza. Sandunan kowane rukuni ka jera su ka yanke su tare, kar ka yanka ɗai-ɗai. Ka duba zanen gaba da kyau: a Camel fiffiken sama a miƙe yake sak, na ƙasa ne yake ɗan ɗagawa wajen bakinsa. Wanda bai kalli zane ba zai miƙar da su duka.

In ka gama, ka ɗauki hotonsa ta gaba da wayarka, ka kunna layukan nan na kyamara masu raba fuska gida tara. Duk karkatar da ido ya yafe maka, layin ba zai yafe ba.

FENTI

Kuskuren kowa shi ne lafta fenti sau ɗaya don a gama. Kwali zai sha ruwa ya kumbura, aikin sati ya tafi. Ka fara shafa farin gam da aka sirka da ruwa, ya bushe, ka bi da samfefa a hankali. Sannan fentin ruwa irin na masu zane, siriri, sau uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Launi mai haske ake fara sawa, mai duhu ya biyo baya. Lokacin hunturu ka kifa masa roba ko bokiti in ka shafa, in ba haka ba ƙura za ta manne ya koma kamar samfefa. Da damina kuwa, mu da ke kusa da Kwara mun san yadda danshi yake, ka ƙara masa lokacin bushewa. Ya fi sauƙi a yi fentin ƙarƙashin fiffiken sama da saman na ƙasa kafin a haɗa su, don buroshi ba ya shiga tsakani daga baya.

Launi ma ba son rai ba ne. Camel samansa ruwan ƙasa ne mai ɗan kore, ƙasansa launin yadi marar rini. Jiragen Ingila na shekarun 1920 kuwa yawanci ruwan azurfa ne, don yana mayar da hasken rana ya kare yadin. Tambarin da'ira na Ingila shuɗi ne a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. Kar ka zana shi a jikin jirgi, ka yi shi a takarda daban da kamfas ɗin lissafi, ka yanke ka manna.

Wani abokin cinikina da ke zuwa daga Sagbana ta Jamhuriyar Benin, ta hanyar Tsamiya, ya ga jirgin a kan kanta ya ce mun juya launi, shi ja ya sani a waje. Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "Yallaɓai, wancan na Faransa ne, nasu ja a waje shuɗi a ciki. Wannan na Ingila ne." Gaskiyarsa kuwa. Yaron da ba ya karanta ko saƙon da ya fito a fuskar waya, ga shi ya je ya yi bincike da kansa.

MASU CEWA ƁATA LOKACI NE

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Na farko: "Ai ba ya tashi." Haka ne, ba ya tashi. Ni ma ba tashi nake nema ba, hannu nake nema. Kuma a inda muke, bakin iyaka, ga jami'an tsaro a kowace hanya, ban shawarci kowa ya maƙala mota da batir ya saki abu a sama ba. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce sai da izini ake tashin jirgi marar matuƙi. Wanda ke zaune a kan kanta ba ya jawo wa kowa tambaya.

Na biyu: "Ba ya kawo kuɗi." Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Gidan da ake jiran abin da yaro zai kawo da yamma, sati uku a kan kwali ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ban hana shi sauran aiki ba. Yana sa cajin wayoyin mutane, yana manna gilashin kariya, yana tura waƙa da karatu a memori, yana samun na sabulu. Awa ɗaya ce kullum bayan la'asar. Ka kwatanta ta da awannin da muke ƙonawa a TikTok, ni ma ina ciki. Sannan ka lissafa kuɗin sikirin ɗaya da mai koyo zai fasa. Kwali kyauta ne.

Na uku: "Abin Turawa ne, kuma na yaƙi." Jirgin nasu ne, ban musa ba, kuma waɗanda suka sauka Kano a 1925 na 'yan mulkin mallaka ne. Amma rula ba ta da ƙabila. Wanda ya iya rage jirgi da 48 zai iya rage kwalekwalen da ke fito a Kwara, ko gadar Tuga, ko injin ban ruwa na babansa. Jirgin na zaɓa don shi ya fi tona asirin karkataccen aiki.

MASU GYARA NE SUKA FARA

Ku tuna su wa suka fara tashi da jirgi mai inji. Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane, masu shagon gyara da ƙera keke a garin Dayton na Amurka. Babu wanda ya yi jami'a a cikinsu. A 1878, suna yara, mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan abin wasa mai tashi da roba, suka yi ta kwaikwayonsa. A 1901, da suka ga lissafin da ke littattafai bai yi musu aiki ba, sai suka haɗa akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fiffike kusan 200, suna aunawa suna rubutawa. Sai ranar 17 ga Disamba, 1903 jirginsu ya tashi, daƙiƙa 12, tafiyar mita 37. Shi ma fiffike biyu ne da shi. Ƙananan nan da suka auna su suka haifi babban.

A gida ma muna da misali. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya. Ya haɗa helikwafta da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, kuma cikin kuɗin da ya yi aikin har da na gyaran waya da kwamfuta. Ɗan sana'armu ne.

Amma ga inda nake da ƙorafi da mu kanmu. Duk bayan 'yan watanni sai bidiyo ya fito: matashi ya ƙera jirgi, matashi ya ƙera mota. Mu yi ta turawa, mu rubuta "gwamnati ta taimaka masa", bayan kwana uku mun manta. Ba mai tambayarsa awon fiffikensa nawa, da wane lissafi ya yi, in an ce ya sake yin irinsa sak zai iya? Yabo muke ba yaranmu, ba ma ba su rula. Alhali kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama da ke Zariya, wadda take nan tun 1964, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, duk wanda ya shiga awo da lissafi zai tarar suna jiransa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

YADDA MUKA ƘARE DA BABA

Da wata ya cika Baba ya dawo, da wayarsa a hannu, wajen cajinta ya lalace. Ban taɓa ta ba, na miƙa wa ɗansa. Gabana yana faɗuwa, ba zan ɓoye ba, don in ya ƙona ta magana ta ƙare. Yaron ya kwance ta, ya jera sukurori a kan takarda yadda ya ciro su, ya cire tsohon, ya share wurin, ya zaunar da sabon. Kafin ya sa dalma sai da ya duƙa ya kalle shi ta gefe, kamar yadda yake kallon fiffike. Ya ga ya ɗan goce, ya ɗaga ya sake zaunar da shi. Aka sa caja, ta kama.

Baba bai yabe shi ba, ba halinsa ba ne. Ya ɗauki jirgin ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan zaren duk kai ka ɗaura?" Yaron ya ce e. Ya ajiye, ya ce mini, "To, ranar girbi dai ka ba ni aronsa." Na ce, "An gama, Baba."

Ban ce kowane yaro da ya yi jirgin kwali zai zama injiniya ba. Nawa ma har yanzu yana kuskure, jiya ya manta bai mayar da sukuru ɗaya ba. Amma na daina jin "kusan daidai ne" a bakinsa, kuma yanzu ina iya barin masa shago in je sallah hankalina kwance.

Masu gyara 'yan uwana, ku gwada da yaranku. Iyaye, in kun ga yaro da kwali da reza kar ku tattake, ku saya masa rula. Wanda ya gwada ya ajiye mana hoton nasa a kwament, ta gaba nake so a ɗauka, mu ga ko fiffike ya miƙe. Wanda kuma yake ganin Baba ne ke da gaskiya tun farko, shi ma ya faɗi hujjarsa, muna saurare.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.